Gwanintar Danne Ƙuduji: Daga Gonakin Ruwan Bore Zuwa Ɗakin Likita

Wanda ya ratsa karkarar Gusau a ƙarshen marka, daga Mada zuwa Wonaka da Ruwan Bore, ko ya bi ta Kwatarkwashi ya nufi Tsafe, ba zai rasa ganin gonaki biyu masu iyaka ɗaya ba, dawa ce a cikinsu duka, ruwa ɗaya ya sauka a kansu, amma ko kusa ba su yi kama ba. A wannan gefen kara ya shanye mutum, zangarniya tana shirin fitowa. A wancan gefen dawar ta tsugune iya ƙugu, ganye ya koɗe, ƙarƙashinta kuma wani siririn tsiro ya baza fure mai ruwan hoda, kunya bayan kunya. Baƙo ya gani ya ce ado, mai gona ya gani ya yi salati. Ƙuduji ke nan, wanda ake kuma kira wuta-wuta, masana tsirrai suna ce masa Striga hermonthica.

Mai gonar da ta yi kyau bai kashe ƙuduji ba. Irinsa na nan kwance a ƙasarsa yadda yake a ta maƙwabcinsa. Abin da ya iya shi ne danne shi: ya hana shi yawa, ya hana shi zubar da 'ya'ya, ya riƙe shi ƙasa da inda zai yi ɓarna, bana da baɗi da baɗin baɗaɗa. Ba a cika yaba wannan gwaninta ba, don ladanta asarar da ba ta faru ba ce, ita kuwa ba a ɗaura ta dami a nuna wa jama'a. Amma a kanta likitoci da masu bincike suke dogaro yau wajen cututtuka da gubobin da suka gagari kisa.

Halin ƙuduji

Ba a danne abin da ba a san halinsa ba. Ƙwayar irin ƙuduji ba ta kai rabin milimita ba, in an zuba maka a tafin hannu sai ka hure ka ce ƙura ce. Tushe ɗaya da ya samu sarari yana zubar da 'ya'ya 50,000, mai ƙarfi ya ninka haka. Irin kuma yana kwanciya cikin ƙasa shekara 10 ko fiye, bai ruɓe ba, bai tsiro ba. Wato ƙuduji ma yana da rumbunsa, sai dai nasa a ƙarƙashin gona yake, kuma duk daminar da aka bar shi ya yi 'ya'ya sai ya ƙara cika shi.

Saukar ruwa kaɗai ba ta tada shi. Sai ya jiƙa, ya sha ɗumin ƙasa na mako ɗaya ko biyu, sannan ya zauna jiran saiwar dawa ko gero ko masara ta ratso kusa da shi, tazarar da ba ta wuce 'yan milimitoci ba. Saiwar hatsi tana tsatso wani sinadari cikin ƙasa, shi ne ke tada ƙwayar. Da ta tashi, guzurin da ke cikinta na 'yan kwanaki ne. Ta samu saiwa, ta maƙale, ta huda, ta haɗa kanta da jijiyar da hatsin ke jan ruwa da ita. Ba ta samu ba, ta mutu a wurin. A nan lagonsa yake.

Bayan ya maƙale yakan yi mako 4 zuwa 7 a ƙarƙashin ƙasa, fari fat, duk abin da zai ci daga jikin dawa yake fitowa. Ɓarnarsa ba ta tsaya ga tsotso ba, yana dagula tsarin girman hatsin har kara ya ƙi miƙewa. Kafin ido ya ga tsiro ko ɗaya, mafi yawan asarar bana ta riga ta auku. Gonar da ya kama sosai tana iya tashi ba dami ko ɗaya.

Shi ya sa gwani ba ya jiran fure. Da safe, bayan an kwana ana ruwa, sai ya zaga gona yana duban ganye. Inda ya ga dawa ta naɗe ganye tana nuna ƙishi alhali ƙasa jiƙe take sharkaf, ga ɗige-ɗige masu ruwan ɗorawa a jikin ganyen, sai ya tsuguna. Ya sa bakin hauya ya tone gindi ɗaya a hankali don kada ya katse saiwa, ya karkaɗe ƙasar da yatsa. Ga su nan, 'yan fararen tsirrai gajeru, wani bai kai tsawon farce ba, manne da saiwar, wani gindin uku, wani goma. Ya mayar da ƙasa, ya kafa kara a wurin. Kafin damina ta ɗauke ya san inda rumbun ya fi cika: gefen tudu mai jigawa inda ƙasa ta gaji, bakin iyaka inda ruwa ke gangarowa daga gonar maƙwabci, da wurin da aka tara dammuna bara. Da wannan sanin zai tsara noman shekaru masu zuwa.

Tugewa a kan kari

Kowa na iya tuge ciyawa, amma ƙuduji yana da ranarsa. Irin maganar da ake yi tsakanin uba da ɗa a bakin kunya ke nan:

"Baba, ga shi ya hito, in tuge?"

"Bar shi tukun, yaro. In ka ja shi yanzu katsewa za shi yi, gindin shi toho biyu ko ukku. Bari shi yi tsawo. Rad da kag ga hure na hwarko, ran nan a ka zuwa."

Dattijon yana da hujja. Tsiron yana ƙarami lallausa ne, ja ɗaya ya tsinke ya bar gindi a ƙasa. In kuma aka yi jinkiri, tsakanin buɗewar fure da nunar 'ya'ya mako biyu zuwa uku ne kawai. A cikin wannan ɗan tsakani ake aikin. Gwani yakan shigo da buhu a kafaɗa, ya kama tsiron daga can ƙasa dab da kunya, ya ja a miƙe ba fizga, ya jefa a buhu. Ba ya yar da shi a kwari yadda ake yi wa sauran ciyayi, don ƙudujin da aka tuge da furensa yana iya ƙarasa nunar da 'ya'yansa yana kwance a ƙasa. An kashe maciji ke nan ba a sare kai ba. Sai a kai shi wajen gona, a tara a rami, a ƙone. Wanda ya riga ya yi 'ya'ya ba a zuba wa dabbobi, don irin yana ratsa cikinsu ya fito da ransa, ya dawo gona a mangalar taki.

Ba kuma zuwa ɗaya ba ne, tun da ba rana ɗaya yake fitowa ba. Duk bayan mako biyu sai an sake zagayawa, har bayan an yanke gero, lokacin da hankalin kowa ya koma kan kaka, shi kuwa ƙuduji yana can yana fure a gindin dawa.

Abin da ke sa mutane da yawa su yi sanyi da wannan aiki shi ne bai cika ƙara wa amfanin bana komai ba, tun da ɓarnar ta riga ta wuce. Amma a yi lissafi. Tushe 100 da aka bari suka nuna, ko da a kan 50,000 aka tsaya, ƙwaya miliyan 5 ke nan aka zuba wa gona, kowace tana iya jiran shekara 10. Wanda ya sha ranar Satumba yana tugewa, gonar da 'ya'yansa za su noma yake wa aiki.

Yaudarar iri

Tugewa tana hana rumbun ƙaruwa ne kawai. Rage abin da ke ciki kuwa sai da dabara, dabarar kuma a lagon nan take: ƙwayar da ta tashi ba ta samu saiwar da za ta kama ba, mutuwa take yi. Akwai amfanin gona da saiwarsu ke fitar da sinadarin da ke tada ƙuduji, amma ba ya iya rayuwa a jikinsu. Auduga na cikinsu, da waken suya, da gyaɗa, da wake. Ya ji kira ya tashi, ya laluba, ya rasa, ya mutu, ba wanda ya gan shi.

Daga saiwar auduga ma masana a Amurka suka fara tace wannan sinadari a 1966, suka sa masa suna sitirigol. Ƙasar Gusau kuwa ƙasar kaɗa, wato auduga, da gyaɗa ce tun da jirgin ƙasa ya iso a ƙarshen shekarun 1920 aka kafa injin gurzar auduga. Manomin da ke juya gona, bana kaɗa, baɗi dawa, yana zubar da cikin rumbun ƙuduji duk shekarar da ya huta da hatsi. Yau waken suya ne ya fi cike wannan gurbi, ga kasuwa, ga kuma naitirojin da yake bar wa ƙasa. Sai dai ba kowane iri ne ke da ƙarfin kira ɗaya ba. Cibiyar binciken noma ta IITA ta gwada ire-irensa, TGx 1448-2E yana cikin waɗanda suka yi suna a wannan aiki.

Gwani ya san sharuɗɗan da ke tafe da dabarar. Gonar waken suya sai ta zama tsaf: gyauron dawa ko gero guda da aka bari a tsakiya, ko wasu ciyayin dangin hatsi, sun ishi ƙuduji ya maƙale ya yi 'ya'ya, shekarar ta tafi a banza. Damina ɗaya kuma ba ta isa gonar da ta lalace sosai, sai an jera biyu ko uku. Ga wake da tasa matsalar: yana da nasa ƙudujin daban, gajere mai kauri, Striga gesnerioides, wanda bai damu da dawa ba. Inda wannan ya yi yawa sai a nemi irin da ke tsayayya da shi, kamar SAMPEA 10.

Amurka ta yi irin wannan yaudara da ƙarfin kuɗi. A tsakiyar shekarun 1950 aka ga wani ɗan'uwan ƙuduji mai jan fure, Striga asiatica, a gonakin masara na jihohin Karolina biyu, har ya mamaye sama da eka 400,000. Suka killace yankin, suka riƙa ɗura iskar etilin cikin ƙasa don ta tada irin ya mutu. Sun share kusan kashi 99 cikin 100, amma aikin ya ci fiye da shekara 50. In mai injina da baitulmali ya sha wannan doguwar tafiya, mai hauya a Ruwan Bore bai yi kuskure ba da ya zaɓi danniya da haƙuri.

Hatsin da ya ƙoshi

Manoma sun daɗe suna cewa ƙuduji alamar gona ce da ta gaji. A 2005 masu bincike a Japan suka gano dalili. Ashe sinadarin nan da saiwa ke fitarwa ba don ƙuduji take yin sa ba. Wata funfunar ƙasa mai amfani take kira, wadda ke shiga saiwa ta taya ta jawo fosfaras daga nesa. In ƙasa ta rasa fosfaras da naitirojin, sai hatsi ya ƙara ƙarfin kiran, ƙuduji ya ji ya amsa. In ta ƙoshi, kiran ya yi ƙasa. A 2008 kuma aka gano cewa a cikin jikin tsiron wannan dangin sinadari ne ke danne yawan rassa da 'ya'yan kara, don kada tsiro mai yunwa ya ɗauki abin da ba zai iya ciyarwa ba.

Saboda haka takin da gwani ke kaiwa tun bazara ba a ko'ina yake baza shi ba. Wuraren da ya kafa wa kara bara su ne na farko. In takin zamani ya yi tsada, akwai dabarar da cibiyar binciken noma ta ICRISAT ta yaɗa daga Sadore kusa da Yamai: cikin marfin kwalba na kamfa a kowane rami lokacin shuka, maimakon watsawa. Ɗan wannan ya ishi hatsi ya tashi da ƙarfi a makonnin farko, waɗanda su ne makonnin da ƙuduji ke neman shiga.

Inuwa ma makami ce. Ƙananan ƙofofin da ke jikin ganyen ƙuduji ba sa rufewa yadda na sauran tsirrai ke yi. Ruwa yana ta fita ta cikinsu, wannan fitar ce ke ja masa wani ruwan daga jikin dawa. In aka cusa wake mai yaɗo ko gyaɗa tsakanin kunyoyi suka rufe ƙasa, wuri ya yi sanyi da laima, sai jan ya yi rauni, tsiron ya fito a wahale. Huɗa kuma tana binne waɗanda suka fara leƙowa.

Sai zaɓin iri. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello, ta fitar da masara mai jure ƙuduji irin su SAMMAZ 15 da SAMMAZ 16. Gebisa Ejeta, ɗan Habasha, ya samu babbar lambar yabo ta abinci ta duniya a 2009 saboda dawar da ya samar wadda saiwarta ba ta tada ƙuduji sosai. A Kenya ana shuka wata ciyawar dangin wake, desmodiyam, tsakanin layukan masara don ta hana shi maƙalewa. A Samaru an ware wani nau'in funfunar Fusarium da ke kama ƙuduji ya bar hatsi. Amma ko wanne cikin waɗannan, in shi kaɗai aka riƙe, ba ya kai wa. Ƙuduji barbara yake yi tsakanin tushe da tushe, 'ya'yansa ba halinsu ɗaya ba, irin da ya gagari mafi yawansu bana wasu 'yan kaɗan za su iya shi, su ne kuma za su hayayyafa. Don haka gwani ke haɗawa: iri mai juriya, taki, juyi, inuwa, tugewa. Hatta irin shuka ba ya ɗiba daga zangarniyar da ta kwanta a ƙasa, don binciken IITA a shekarun 1990 ya nuna cewa hatsin shuka da ya gauraya da ƙurar ƙuduji yana cikin manyan hanyoyin da yake bi ya shiga sabuwar gona.

A ɗakin likita

Cututtuka biyu kacal duniya ta kawar baki ɗaya: agana a 1980 da bushiyar shanu a 2011. Najeriya ta rabu da kurkunu a 2013, Afirka ta rabu da shan-inna na daji a 2020. Waɗannan sun kasu ne don ba su da wurin ɓuya mai daɗewa. Sauran da yawa suna da shi, a kansu kuma likita yana yin abin da manomin nan ke yi.

Ƙanjamau ce ta fi nuna haka. Maganin farko, AZT, ya fito a 1987, shi kaɗai, ba da jimawa ba ƙwayar cutar ta koyi kauce masa. Sai a 1996, da aka haɗa magani uku a lokaci guda, aka ga ta kwanta. Yau ukun suna cikin ƙwaya ɗaya da ake sha sau ɗaya a rana. Maganin yana hana ta hayayyafa, amma ba ya kai wa ga wadda ta ɓoye cikin wasu ƙwayoyin jini masu barci. A daina sha, cikin 'yan makonni ta dawo. Shi ya sa ba a tambayar mai shan magani ko ya ji sauƙi a tsaya nan, jini ake ɗiba a ƙirga. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar cewa an danne cutar in ba ta wuce 1,000 a kowace mililita ta jini ba. In ta yi ƙasa har na'ura ta kasa ganinta, mutum ba ya sa wa abokin zamansa ta hanyar kwanciya. Wani babban bincike a 2011 ya nuna fara magani da wuri ya rage yaɗuwa tsakanin ma'aurata da kashi 96 cikin 100.

Gwanintar ma'aikaciyar jinya a irin asibitocin Gusau tana bayyana ne ranar da sakamako ya dawo sama da 1,000. Ba ta gaggawar canja magani. Sai ta zauna da mutum ta bi sawu: wane lokaci ake sha, wa ya sani a gida, ina ake ajiyewa, me ya faru ranar kasuwa ko lokacin tafiya. A ɗaura shan da wani abin da ba a mantawa, kamar sallar isha'i. Bayan wajen wata uku a sake gwaji. In adadin ya sauka, ashe tsallake ne. In bai sauka ba, cutar ce ta koyi maganin, sai a koma layi na biyu.

Zazzaɓin cizon sauro ma haka. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafi a watannin damina a ƙasashen Sahel. A Najeriya an fara gwadawa a Katsina a 2013, ya iso Zamfara da Sakkwato a 2015. Masu rabo suna bin gida gida, su narka ƙwayoyin ranar farko a ɗan ruwa, yaro ya sha a gabansu, su dakata su ga ko zai amayar, su cika kati, su bar wa uwa na rana ta biyu da ta uku. Maganin ba ya kashe sauro ko ɗaya. Yana zama cikin jinin yaro wajen mako 4 yana tare duk ƙwayar cutar da ta shigo, gwaje-gwaje kuma sun nuna yana rage zazzaɓi da wajen kashi 75 cikin 100. Uwar da ta riƙe kwanakin nan biyu ba ta tsallake ba, wata bayan wata har damina ta wuce, alhali ɗanta lafiya lau yake wasa, ita ce gwanar wannan fanni.

Zamfara ta koyi wani darasin da tsada. A 2010 gubar dalma ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, sanadin niƙa dutsen zinariya a bushe a cikin gidaje. Dalma ba ta ruɓewa, ba ta ƙonewa, ba maganin da ke kashe ta. Likitocin ƙungiyar MSF suna da maganin da ke fitar da ita daga jini, amma suka ce ba amfani a wanke jinin yaro a mayar da shi tsakar gidan da ya gurɓata. Sai da aka kankare ƙasar saman gidaje, aka binne ta a ramuka na musamman, aka shimfiɗa sabuwa. Ƙauyen Bagega kuwa sai a 2013 aka yi masa wannan aiki. Dabarar hana maimaituwa kuma ta danne ƙura ce: a niƙa dutse da ruwa, a fitar da aikin wajen gari, a yi wanka a canja tufa kafin a shiga gida.

Akwai kuma inda danniya ke neman awo. A Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, inda aka fara dashen ƙoda a 2002, wanda aka yi wa dashe yana shan maganin danne garkuwar jiki muddin ƙodar tana jikinsa. Ya yi kaɗan, jiki ya ƙi baƙuwar ƙoda. Ya yi yawa, ƙaramar cuta ta kwantar da mutum. Don haka ake auna yawan maganin a jini ana daidaitawa. Manomi ma ya san wannan iyaka: akwai maganin feshi, 2,4-D, da ke ƙone ƙudujin da ya fito, amma yana haɗawa da wake da gyaɗa da audugar da ke kusa, wato da masu taya shi yaƙin.

Gobe da maƙwabci

Abu biyu wannan gwaninta ke buƙata waɗanda ba a hannun gwani suke ba. Na farko tabbacin gobe. Wanda ya karɓi gona aro ko haya ta damina ɗaya, me zai sa ya sha rana yana tuge abin da ladansa sai bayan shekara uku? Shekarun da 'yan bindiga suka addabi karkarar Gusau da Tsafe da Bungudu sun ƙara dagula lissafin. An raba mutane da gonakinsu na nesa, an matsu a na bakin gari ana maimaita hatsi a kan hatsi. Kwanan shanu a gona bayan kaka, wanda ke barin taki, ya ja baya. Gonar da aka shuka aka gudu aka bari kuwa, ƙuduji ya yi 'ya'ya son ransa. Wannan rashin kwanciyar hankali shi ke sa mai shan magani ya kasa zuwa karɓa, mai rabon rigakafi ya kasa shiga ƙauye. Duk aikin da ƙarfinsa ke cikin ɗorewa, yankewa ce ke karya shi.

Na biyu maƙwabci. Ruwa ba ya sanin iyaka, garmar shanun da ta yi huɗa a wancan gefe da safe ita za ta shigo nan da yamma da ƙasa a bakinta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gayya ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan, kuma ba abin da zai hana mai gari da sarkin noma su sa ranakun tugewa ga unguwa guda, sau biyu ko uku tsakanin fitowar fure da kaka, yadda masu rigakafi ke da ranakunsu na wata-wata. Mai ba da hayar gona shi ma yana iya sa tugewa cikin sharaɗi, ya rage wa mai haya wani abu a kai, tun da shi gonar za ta dawo wa.

Malamin gona kuma yana da abin koyo daga ɗakin gwajin jini. Kada ya tsaya ga ƙirga dammuna, don dami yana hawa da sauka da ruwan shekara. Ya zaɓi kunyoyi kaɗan a kowace gona, ya ƙirga tushen ƙuduji nawa ne suka kai ga yin 'ya'ya, ya rubuta, baɗi ya dawo wuri ɗaya ya sake ƙirgawa. In adadin yana sauka, gonar tana farfaɗowa, ko da amfanin bana bai nuna ba tukuna.